Kifi biyu a ruwa ɗaya: kamun tirawut da ƙwaron bogi a kogin Madison lokacin kaka

Wanda ya saba da fatsa irin tamu, tana a bakin ƙugiya, ɗan dalma a samanta, a jefa a zauna jira, zai sha mamaki in ya ga yadda ake kamun kifin tirawut a kogunan jihar Montana ta Amurka. Can babu tana. Koton gashin tsuntsu ne da gashin dabba da zare, an ɗaure su a jikin ƙugiya har sun yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi. Abin ba shi da nauyin da zai ja igiya, don haka aka juya lissafin: igiyar ce mai nauyi, ita ake wurgawa, ƙwaron bogin kuma yana bin ta a baya a kan wani siririn zaren roba da kifi ba ya gani sosai.

Kakar da ake nufi a nan ita ce ta ƙasashen sanyi, daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da zafi ya wuce, rana ta fara gajarta, dusar ƙanƙara kuma ta fara leƙowa a kan duwatsu. Abin da ya sa wannan lokaci ya fi sauran wuyar sha'ani shi ne, a kogi guda za ka tarar da kifi iri biyu ta fuskar hali. Akwai wanda yunwa ke sa ya kai cafka, akwai wanda yake kan tafiya zuwa wurin zuba ƙwai, shi kuma fushi da kishi ne ke sa ya kai hari. Kayan aikin da ke kama na farko ba sa kama na biyu, lokacin fitowarsu ma daban ne. Yawancin waɗanda ke komawa gida hannu rabbana a watan Oktoba, matsalarsu ba su tsai da shawara kan wanne suke nema ba.

Kogin Madison ya dace a yi misali da shi. Yana farawa ne a cikin gandun dajin Yellowstone, inda kogunan Firehole da Gibbon suka haɗu, ya gangara yamma ya faɗa tafkin Hebgen kusa da garin West Yellowstone. Daga nan ya ratsa wani tafkin da girgizar ƙasar watan Agustan 1959 ta haifar, sa'ad da gefen dutse ya zaftaro ya toshe kwarin, ya wuce garin Ennis, har ya haɗu da Jefferson da Gallatin a Three Forks su zama kogin Missouri. Tirawut ɗin da ake nema a cikinsa duk baƙi ne, daga wasu wurare aka kawo su. Mai ruwan ƙasa da jajayen ɗigo asalinsa daga Turai yake, a 1883 aka kawo ƙwansa Amurka daga Jamus. Mai ratsin bakan gizo kuwa daga kogunan da ke zuba a tekun Fasifik aka ɗauko shi. Tun 1974 Montana ta daina zuba kifin kiwo a kogunanta, bayan binciken da masanin kifi Dick Vincent ya yi a wannan kogi ya nuna cewa kifin kiwon yana rage yawan na dawa. Ma'ana, duk kifin da ka kama a yau, a cikin tsakuwar kogin ko ta rassansa aka ƙyanƙyashe shi. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kafin a ɗaura komai a bakin zare, ma'aunin zafi ake fara tsomawa a ruwa. Tirawut kifin ruwan sanyi ne, ya fi cin abinci tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyos. Ruwa in ya ɗumama yana rage riƙe iskar oksijin: a digiri 10 lita guda tana ɗaukar kusan miligiram 11, a digiri 25 kuwa kusan 8, a wuri mai tudu irin wannan da ya haura mita 2,000 sama da teku ma ba ta kai haka. Shi ya sa in ruwa ya wuce digiri 20, kifin da aka ja aka saki yakan mutu daga baya ko da ya tafi da ƙarfinsa. Sashen Madison na cikin gandun daji yana da wata matsala ta kansa, domin Firehole yana kwaso ruwan zafi daga maɓuɓɓugan da ke tafasa a ƙarƙashin ƙasa. A Yuli da Agusta ya yi ɗumi da yawa. Da dare ya fara sanyi a Satumba sai abin ya zama alheri: ruwan ya sauko daidai yadda kifi ke so, kuma ba ya saurin yin sanyin da ke kashe wa kifi jiki kamar sauran kogunan yankin. In ma'auni ya nuna ƙasa da digiri 5 ko 6, kifi yana lafewa a ƙasan gurbi, ba zai bi abu da gudu ba, sai an kai masa har baki.

Mu fara da mai cin abinci. A farkon kaka, kafin jaura ta farko ta kashe su, fara da tururuwa da ƙananan buzuzu suna faɗawa ruwa daga ciyawar gaɓa, ƙwaron bogi mai kama da su yana aiki da tsakar rana. Da sanyi ya kankama sai a koma kan wani ɗan ƙwaro da masana ke kira Baetis, jikinsa ruwan zaitun, fikafikansa ruwan toka, girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Tsutsarsa tana rayuwa a ƙasan ruwa, in lokaci ya yi ta taso sama, ta fasa fatarta, ƙwaron ya fito ya zauna bisa ruwa har fikafikansa su bushe. A nan ne yanayin sama yake shigowa. Ranar da gari ya yi garau, fikafikan suna bushewa nan da nan, ƙwaron ya tashi, kifi bai samu zarafi ba. Ranar da hadari ya rufe, ana yayyafi ko dusar ƙanƙara tana sauka a hankali, ƙwarin sukan fito da yawa kuma su daɗe suna yawo bisa ruwa, sai ka ga kifaye sun jeru suna tsinta ɗaya bayan ɗaya. Ranar da kowa ke son ya zauna a ɗaki ita ce ranar fita. Lokacin kuma daga kamar ƙarfe ɗaya ne zuwa huɗu na yamma, don haka sammako ba shi da amfani ga mai neman wannan kifi.

Kayan wannan aiki sanda ce mai tsawon ƙafa 9, wato kusan mita 2.7, mai lamba 4 ko 5. Lambar tana nuna nauyin ƙafa 30 na farko na igiyar, igiya mai lamba 5 tana da kusan giram 9. Igiyar mai yawo ce bisa ruwa. A bakinta ake ɗaura zaren roba mai kauri a gindi, siriri a tsini, tsawon ƙafa 9 zuwa 12. Kaurin tsinin ana rubuta shi da lamba da harafin X, kuma yadda lambar ke hawa haka zaren ke sirancewa: 3X milimita 0.20 ne, 5X kusan 0.15, 6X kusan 0.13. Ƙugiya ma haka take, lamba 20 ƙarama ce ƙwarai, lamba 4 babba. Masu sana'ar suna da lissafi mai sauƙi: raba lambar ƙugiya gida uku, abin da ya fito shi ne lambar zaren. Ƙwaron Baetis a kan ƙugiya 18 zuwa 22 yake, ke nan zare 6X zuwa 7X, ko 5X in ruwan yana da ɗan hargitsi. In ka sa zare mai kauri a ƙaramin ƙwaro, taurin zaren zai hana shi yawo yadda na gaske ke yi. In ka sa siriri a babban koto, zai murɗe a iska ya tsinke a cafkar farko.

Babban abin da ke ɓata wannan aiki shi ne jan da ruwa ke yi wa igiya. Kogi ba ya tafiya da gudu ɗaya, tsakiya ta fi gefe sauri, bayan dutse kuma ruwa kan juya baya. In igiya ta kwanta a kan ruwa mai sauri, ƙwaron kuma yana kan mai tafiya a hankali, igiyar za ta yi ciki ta fizge shi, ya riƙa tsaga ruwa yana barin ɗan layi a bayansa. Ƙwaron gaske ba ya haka, kifin da ya kwashe watanni yana ganin ƙugiyoyi kuwa ya san bambancin. Maganin iri uku ne. Na ɗaya, da igiya ta sauka a ɗaga sanda a juya cikinta zuwa saman kogi ba tare da an motsa ƙwaron ba. Na biyu, tun igiya tana iska a karkata hannu zuwa sama, don ta sauka a gyare. Na uku, wanda ya fi aiki a ruwan kaka mai haske mara zurfi, a tsaya sama da kifin a ɗan gefe, a jefa da sassauci kamar mita ɗaya a gabansa, ƙwaron ya riga zare isa gare shi. In bai ɗauka ba, kada a fizge, a bari ya wuce shi sosai sannan a zare a hankali.

Sai a lura da yadda kifin ke tasowa. In hancinsa ne ke fitowa yana barin ɗan kumfa, abin da ke zaune bisa ruwa yake ci. In bayansa da wutsiyarsa ake gani ba hanci, tsutsar da ke maƙale a fatar ruwa tana ƙoƙarin fita yake tsinta, kuma duk kyan ƙwaron da ke yawo a sama ba zai kula shi ba. A nan sai a ɗaura wani ɗan ƙwaro na biyu da ba a shafa masa man da ke sa shi yawo bisa ruwa ba, santimita 40 zuwa 50 a bayan na farko, na farkon ya zama alama ga ido.

In babu abin da ke tasowa, sai a bi su ƙasa da tsutsar bogi. Ana maƙala ɗan ƙwallon alama a kan zare, tazararsa da tsutsar ta kai zurfin ruwan sau ɗaya da rabi, a ƙara nauyi har tsutsar ta riƙa taɓa ƙasa jefi-jefi. Wanda bai taɓa maƙalewa a dutse ba duk yini, sama da kan kifi yake wucewa. A cikin gandun dajin an hana dalma, an hana ƙugiya mai kunne sai an danne kunnen da filaya, ba a wuce ƙwaro biyu a zare ɗaya, kuma tun 2018 aka hana takalmi mai tafin tsumma saboda yana ɗauko cututtuka da ƙananan halittu daga wani kogi zuwa wani. Ba su yi haka a banza ba. A 1994 aka gano wata cuta a Madison da ke lalata guringuntsin 'ya'yan kifi har su riƙa juyi a wuri ɗaya, ta kusa ƙarar da mai bakan gizo a wasu sassan kogin.

Kifi na biyu shi ne wanda ke kawo mutane daga nesa. Daga Satumba, manyan tirawut masu ruwan ƙasa suna barin tafkin Hebgen su hau kogi don zuba ƙwai, wasu masu bakan gizo na biye da su, ko da yake su sai bayan hunturu suke zuba nasu. Yawanci sukan kai santimita 40 zuwa 50. Cikin namijin yakan yi ɗorawa shar, haɓarsa ta lanƙwashe sama. Wannan kifi ba abinci ne a gabansa ba. Yana tafiya da dare ko da duhun asuba ko in hadari ya rufe, ya huta a gurbi mai zurfin ƙugu zuwa ƙirji inda ruwa ke tafiya kamar tafiyar mutum a ƙafa. Gurbin da babu kowa jiya yana iya cika yau. Saboda haka a nan sammako shi ne aikin, da kuma sa'ar ƙarshe kafin magariba, akasin mai neman Baetis.

Sanda a nan mai lamba 6 ce ko 7. Koton ɗan kifin bogi ne a kan ƙugiya 2 zuwa 8, irin su Woolly Bugger baƙi ko ruwan zaitun, ko kuma ƙwaro mai laushin gashi da ke buɗewa yana rufewa a cikin ruwa. Bakin igiyar, kamar mita 3 zuwa 4, mai nutsewa ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaura dogon zare a kan igiya mai nutsewa: igiyar ta sauka ƙasa, koton ya yi ta yawo a sama. Mita ɗaya ya isa, kuma mai kauri, 0X zuwa 2X, domin kifin ba zaren yake kallo ba kuma cafkarsa tana tsinke siriri.

Yadda ake yi: a tsaya a kan gurbi, a jefa zuwa ɗaya gaɓar a ɗan karkata ƙasa, a juya cikin igiyar sama sau ɗaya don koton ya samu nutsewa, sannan a bar ruwa ya ɗauke shi ya zagayo da shi har ya tsaya daidai ƙasa da kai. A nan a dakata daƙiƙa biyar ko fiye, domin kifi kan bi koto tun daga tsakiya ya kai masa hari lokacin da ya tsaya. Sai a yi taku ɗaya ko biyu zuwa ƙasa a sake jefawa. Haka za a share gurbin daga kai zuwa wutsiya ba a tsallake wuri ba. In ka ji an ja, kada ka ɗaga sanda. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar koyo, domin hannu da kansa yake zabura. Kifin yana fuskantar ka ne, fizga za ta zare ƙugiyar daga bakinsa. A bar shi ya juya, nauyinsa ya ɗaure igiya, sannan a karkata sanda zuwa gaɓa. A sanannun gurabe irin na Barns, kusa da ƙofar yamma ta gandun, akwai al'adar da kowa ya sani ko da ba a rubuta ta ba: sabon zuwa yana shiga daga kan gurbi ne a bayan waɗanda ya tarar, ba ya faɗawa gaban mutum, ba ya kuma kafewa wuri ɗaya ya tare layi. Maganar launi, wai baƙin koto ranar duhu, mai haske ranar haske, al'ada ce da ba ta cutarwa, amma zurfi da saurin zagayowar koton sun fi launi tasiri nesa ba kusa ba.

Ƙananan matsaloli na kaka ba su da wuyar magani. Ciyawar ruwa tana mutuwa tana tsinkewa, ta maƙale a ƙugiya, a riƙa dubawa bayan jifa biyu ko uku. In sanyi ya kai ƙasa da sifili ƙanƙara tana toshe zobban sanda, a tsoma sandar a ruwa ta narke, in an kankare da ƙarfi zobe ko tsinin sanda na iya karyewa. Ƙulli a jiƙa shi kafin a ja, in ba haka ba zafin gogayya ya raunana zaren. Wandon roba mai kai wa ƙirji kuma a ɗaure shi da bel a ƙugu, don in mutum ya zame kada ruwa ya cika shi. Dokar gandun ta ce a bar tazarar mita 91 tsakanin mutum da beyar ko kyarkeci, mita 23 da ɓauna ko manyan barewar dajin, su barewar kuwa mazansu na cikin barbara a wannan lokaci.

Yanzu mu koma kan tsakuwa. Daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, macen tirawut mai ruwan ƙasa tana zaɓar wuri mara zurfi a wutsiyar gurbi ko a ƙaramin reshe, inda tsakuwa ta kai daga girman gujiya zuwa ƙwan kaza. Takan kwanta a gefenta ta riƙa kaɗa wutsiya har ta haƙa rami, ta zuba ƙwai, namiji ya zuba nasa ruwan, ta matsa sama kaɗan ta sake haƙa, tsakuwar da ta tayar ta rufe ƙwan farko. Ana gane wurin daga gaɓa: fili ne mai siffar ƙwai, tsakuwarsa fes, ya fi kewayensa haske domin an wanke gansakukar da ke kai, rami a sama, tudu a ƙasa. Ƙwan suna cikin tudun, ba cikin ramin ba, kuma a nan za su kwana duk hunturu, ruwan da ke ratsa tsakuwar yana kai musu iska. Ƙafar mutum tana murƙushe su. Lakar da mutum ya tayar in ya ratsa ta sama da wurin tana toshe kafofin tsakuwar ta shaƙe su. Don haka mai ƙetare kogi a wannan lokaci ya nemi inda duwatsu suke manya masu gansakuka, ya yi nisa da duk wani fili mai haske. Yadda abin yake da rauni ya fito fili ranar 30 ga Nuwamban 2021, lokacin da ƙofar madatsar Hebgen ta lalace, ruwan da ke ƙasa da ita ya ja baya farat ɗaya, rassan kogi suka bushe, mutane suka fito da bokitai suna kwasar kifin da ya maƙale, ana cikin tsakiyar lokacin da ƙwai ke cikin tsakuwa.

Kifin da ke kan wannan fili, biyu-biyu a ruwan da bai kai gwiwa ba, shi ne mafi sauƙin kamu a duk shekara, kuma shi ne wanda ba a jefa wa ƙugiya. A Sikotilan doka ce ta raba gardamar, ana rufe kamun mai ruwan ƙasa daga 7 ga Oktoba. A Madison an bar sashe mai yawa na hukuncin ga mai riƙe da sanda. Inda ake saɓani shi ne ramin da ke ƙasa da filin, wurin da masu bakan gizo ke taruwa suna cin ƙwan da ruwa ya kwaso. Wasu na jefa musu ƙwan bogi, suna cewa su ba masu zuba ƙwai ba ne. A ganina, a kogin da ruwansa ya ja baya haka, da wuya koton ya isa ramin bai bi ta kan filin ba, gara a matsa zuwa gurbi na gaba.

Wanda aka kama a gurbi yana kan hanya kuwa, yadda aka sake shi ne zai nuna ko zai kai inda za shi. A ja shi da sauri, wanda shi ne wani amfanin zare mai kauri, kada a wahalar da shi har ya kife. A sa shi a ƙaramar koma mai ragar roba, a bar komar cikin ruwa. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi don kada yauƙin da ke kare fatarsa ya goge, kada a matse cikin mace, kada yatsa ya shiga wurin numfashinsa. In ƙugiya ta shige can ciki, a yanke zaren a bar ta. Ranar da iska ke daskarar da ruwa kada a ɗaga shi sama ko don hoto, sanyin yana ƙona masa wurin numfashi cikin daƙiƙoƙi. A riƙe shi a ruwa mai tafiya a hankali, kansa yana fuskantar saman kogi, har ya fizge da kansa.